Shasin Motar Gwaggo

Ranar da ƙofar motar Gwaggo ta daina rufuwa, ba ta kawo min ita ba. Igiya ta samu ta ɗaure abinta. Sai da ƙofa ta biyu ta bi sahu, aka wayi gari tana shiga ta baya tana ratsowa ta tsakanin kujeru, sannan ta ga dama ta shigo garejina.

Gwaggo yayar babana ce. Likitar dabbobi ce, ta yi ritaya shekara takwas da suka wuce, amma har gobe in saniya ta kasa haihuwa a wata gona ita ake kira. Motar kuwa tsohuwar jif ce mai ja da taya huɗu, koriya, tana hannunta tun ina firamare. Ni mai walda ne. A garejin da Baba ya bar min nake aiki, ni da abokina makanike, wanda kowa ke kira Dogo saboda tsabar gajartarsa.

"Duba min ƙofofin nan," in ji ta. "Minti goma. Ina da wurin zuwa."

Ƙofofi lafiyarsu ƙalau. Na ɗauki tocila na shiga ƙarƙashi. Shasi shi ne ƙarfen da mota take zaune a kai gaba ɗayanta, in ya lanƙwashe komai na sama sai ya bi shi. Na ɗan taɓa shi da sukundireba, sai kawai ta nutse har mariƙi. Ɓawon tsatsa ya zubo min a fuska.

"Gwaggo, ba ƙofa ba ce. Motar ce ta karye a ƙugu."

"Sai ka ɗora ta. Ba kai ne mai walda ba?"

"Babu inda wuta za ta kama. Duk ya zama gari."

"Ni na ɗora ƙafar maraƙin da kowa ya ce a yanka, kai ƙarfe ya gagare ka?"

Na ce ta zo ta gani da idonta, a zatona za ta ƙi. Ta sa Dogo ya shimfiɗa mata kwali, ta cire tabarau ta miƙa masa, ta kwanta ta sulale ƙarƙashin motar. Muna jin ta tana ƙwanƙwasawa nan da can. Da ta fito ta karkaɗe jikinta.

"Wannan ba karaya ba ce," ta ce. "Ruɓa ce. A nemo wani."

Mako uku Dogo yana yawo wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa kafin ya dace. Ya samu wata mota irin ta Gwaggo sak, wadda bishiya ta faɗo wa ta murƙushe bodin, amma shasin yana nan garau. Muka jawo shi, na kankare shi tas, na shafa masa baƙin fenti har hawa uku.

Daga nan aikin gaske ya fara. Muka kwance bodin, muka ɗaga shi da sarƙa, ya rataya a ƙarfen rufin gareji yana lilo a hankali. Gwaggo kuwa ta mayar da garejin ofis. Kullum ƙarfe takwas tana nan da kujerarta mai naɗewa da kwali cike da wankakkun kwalaben magani. Duk notin da aka kwance sai an miƙa mata, ta jefa a kwalba, ta rubuta inda ya fito ta manna. Dogo ya yi ta gunaguni.

"Shekara ashirin ina kwance mota, ban taɓa ba noti kati ba kamar mara lafiya."

"Shi ya sa kullum kake ƙarewa da ragowa a aljihu," in ji ta, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Baba ma yana zuwa da la'asar. Idonsa ya yi rauni, ya daina riƙe walda, amma bai iya kwana bai shaƙi warin gareji ba. Sai ya zauna a benci, shi da yayarsa suna musu a kan abubuwan da suka faru tun ba a haife ni ba.

Muka mayar da inji da akwatin giya da tayoyi kan sabon shasi. Ranar saukar da bodi kowa ya hallara. Ni ina sakin sarƙa, Dogo yana ƙasa yana ba ni umarni. Ramukan noti goma ne. Na dama suka hau daidai, kamar an zana. Sai na ji Dogo ya ce, "Tsaya."

Na hagu sun kauce. Na gaba da yatsa uku cur.

Muka ɗaga, muka sake saukewa. Muka tura, muka ja. Yatsa ukun nan suna nan.

"Sun cuce mu," in ji Dogo, yana share zufa. "Karkataccen shasi suka sayar mana."

Gwaggo ta ce a auna kafin a zagi mutane. Na ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, na sake ja ta ɗaya ɓangaren. Tsawon ɗaya ne, ko gashi babu bambanci. Sabon shasin miƙe yake. Sai na juya kan tsohon, wanda muka jingine a bango, na auna shi. Shi ne karkataccen, kuma ba tsatsa ce ta karkatar da shi ba. Bayan inda tayar gaba ta hagu take zama akwai wani wuri da aka lafta wa kwalta mai kauri. Na sa wuƙa na kankare. Sai ga faci, farantin ƙarfe kamar tafin hannu biyu, an yi masa walda ta kowane gefe.

Na tsaya ina kallon waldar. Kyakkyawa ce, a jere kamar ɓawon kifi, kuma a ƙarshen kowane layi akwai ɗan lanƙwasa kamar ƙugiya. Mutum ɗaya na sani a duniya da ke rufe walda haka, shi ya koya min.

Na waiwaya. Baba ya riga ya miƙe yana laluben sandarsa.

"Na tuna na bar wani abu a gida," ya ce.

"Auta," in ji Gwaggo. "Zauna."

Mutum mai shekara saba'in da ɗaya, mai jikoki tara, ya koma ya zauna kamar an kira shi ofishin hedimasta.

"Yaya, abin ya daɗe."

"Ina sauraro."

Ashe shekara ashirin da shida da suka wuce, an tura Gwaggo kwas na mako biyu, ta bar masa makulli don ya riƙa ɗumama injin da safe. Ya ɗumama rana ɗaya, ta biyu ya ce bari ya ɗan zaga. A wata kwana jaki ya faɗo masa titi, ya kauce, tayar hagu ta afka kwalbati.

"Jakin ya ji ciwo?" Gwaggo ta tambaya.

"Ko ƙwarzane. Tsayawa ma ya yi yana kallona."

"Ci gaba."

Kwana tara ya yi yana aiki da ƙofar gareji a rufe. Ya miƙar da shasin iyakar ƙoƙarinsa, ya yi faci. Da bodin ya ƙi zama, sai ya toshe ramukan notin asali da ke jikinsa ya huda sababbi. Ya wanke motar, ya ajiye ta inda ta bar ta.

Gwaggo ta cire tabarau ta goge a hankali.

"Shekara ashirin da shida motar nan tana ja na hagu. Na canza taya ban san adadi ba. Na sallami makanike uku. Ɗaya har kuka ya yi. Na je asibiti a kan kafaɗar nan, likita ya ce kwanciya ce ban iya ba, na sayi sabon matashi." Ta nuna shi da tabarau. "Kuma kai kana zaune kusa da ni a motar, kana cewa titin ne ya karkace!"

"Ai wani lokacin titin ma yana karkacewa, Yaya."

Dogo ne ya fara, ya toshe baki da tsumma amma dariyar ta fi ƙarfinsa. Na juya baya ina kallon bango. Sai muka ji wani sauti daga kujera mai naɗewa: Gwaggo ce, ta dafe ciki, hawaye na zuba, tana cewa, "Matashi! Har biyu na saya!"

Da ta lafa, ta ce tunda shi ya ɓata, shi zai gyara. Muka ɗaga bodin daidai tsayin kai. Baba ya shiga ƙarƙashi, bai ma nemi tocila ba. Da yatsa ya riƙa bin ƙarfen yana shafawa, sai ya tsaya ya ce, "Nan." Na sa alli. Ya matsa gaba. "Nan ma." Wuri biyar, bai kuskure ko ɗaya ba. Na huda inda ya nuna, na toshe nasa na da. Ina waldar yana tsaye a bayana, yana cewa na cika sauri.

Da muka sake sakin sarƙa, bodin ya zauna da wani ɗan ƙara mai daɗi. Noti goma suka shige da hannu. Dogo ya karɓi kwalaben ɗaya bayan ɗaya, kuma babu ko noti ɗaya da ya ragu.

Kwana huɗu bayan haka muka gama haɗa waya da birki. Gwaggo ta buɗe ƙofar direba, ta rufe, ta sake buɗewa, ta sake rufewa don jin daɗi. Ta tayar, ta sa giya, ta fita. Ko mita goma ba ta yi ba motar ta nufi dama gadan-gadan, saura kaɗan ta kwashe durom ɗin ruwanmu. Hannunta ne ya saba danne sitiyari dama.

Ta taka birki, ta leƙo ta taga. "Yanzu kuma sai na koyi tuƙi daga farko!"

Tana cikin haka wayarta ta yi ƙara. Wata gona ce a bayan gari, saniya tana naƙuda tun safe. Ta kashe wayar ta dubi benci.

"Auta, shigo. Kai za ka riƙe min wutsiya."

"Yaya, da fararen kaya nake."

"Na gani."

Ya shiga. Muna tsaye ni da Dogo muna kallonsu har suka kai kwana, motar na ɗan rangaji dama da hagu, hannun Baba a waje ya ƙanƙame rufin.