Rigar da Titus Ya Zaɓa

Dokas ba ta son maganar ruwa, kuma Allah ya haɗa ta da mijin da a ƙarƙashin ruwa yake cin abinci. Titus ya koyi nutso ne a sojan ruwa lokacin yaƙin basasa, ya dawo Gombe da yatsu uku a hannun dama da sana'ar da ba ta da kasuwa a garin da sai an sha wuya ake cika randa. Shekara tara yana gadi. Sai da kuɗin mai suka tumbatsa, wani kamfani ya samu kwangilar sa manyan bututu a kogin Gongola, aka shiga cigiyar masu nutso, sannan aka tuna da shi.

Tun ranar da ya fara aikin ta kafa masa doka: ya je ya dawo, amma kada ya ba ta labari. In ya soma, sai ta taka keken ɗinkinta da ƙarfi har ƙarar ta danne muryarsa. Tsoro ne, ba wani abu ba. Shi kuwa ya yi dariya ya bar ta.

Wata Asabar da hantsi ya shigo gidansu na unguwar Kumbiya-Kumbiya tare da abokin aikinsa Matiyu, suna ɗauke da riguna uku na nutso da kamfani ya kawo don kowa ya zaɓa. Riguna ne marasa hannu, baƙaƙe, masu jakar iska da aljihun da ake cikawa da dalma don ta ja mutum ƙasa. Suka shimfiɗa su a tsakar gida suna ta juyawa kamar masu sayen rago, suna magana da Turancin bariki. Dokas na zaure tana kafa wa wata riga hannu, tana satar kallonsu.

Biyu daga ciki suna da bel mai kauri da maɗaurin ƙarfe mai sheƙi. Titus ya sa ta farko, ya yi ta kokawa da maɗaurin, ya cire ya ajiye. Ta biyu ma haka. Ta ukun ba ta da wani kyan gani, sai wata jar igiya da ke reto a ƙirji. Ya sa ta, ya ja igiyar sau ɗaya, gindin aljihun ya wangale, dalma ta zube a ƙasa har ta fasa bakin kaskon kaji. Ya sake cikawa, ya sake ja, ta sake zubewa. Sai ya ce, “Wannan ce tawa.”

Ran Dokas ya ɓaci. Halin Titus ke nan: in ana rabo, shi ne mai ɗaukar ragowa ya bar wa wasu na kirki. Aljihun da ba ya riƙe abin da aka sa masa, a wajenta aljihu ne da ya lalace, kuma ita ba a ajiye yagaggen abu a gidanta ya kwana biyu.

Ranar Lahadi bayan sujada a coci, Titus ya tsaya taron zumuntar maza. Ita ta dawo gida, ta sauko da rigar daga ƙusa, ta juya cikinta. Ta ɗauko basilla da baƙin zaren da take ɗinka tamfol da shi, ta ruɓanya shi, ta bi gindin aljihun ta ciki, ta je ta dawo har sau uku, yadda ko ido ba zai gani ba. Ta ja igiyar da ƙarfinta, ko gezau. Ta mayar da rigar tana jin daɗi a ranta, don ta yi wa mijinta abin da ta iya. Litinin da safe motar kamfani ta zo ta ɗauke shi.

Ranar Talata Matiyu ya zo da wando a gyara masa. Kunnensa na ciwo, likita ya hana shi shiga ruwa mako guda. Ya zauna a benci yana surutu, don shi bai san da wata doka ba.

“Maman Edna, mijinki ya fi mu wayo duka,” in ji shi. “Ni ƙyalli na bi. Shi ya san hannunsa.”

“Wane wayo? Ai yagaggiyar ya ɗauka.”

“Wace yagaggiya? Haka aka yi ta. In abu ya ɓaci a ƙasa, iska ta ƙare ko jaka ta fashe, dalmar nan ce ke riƙe mutum. Dole ka yar da ita kafin ka taso. Da yatsu uku ba zai iya kwance maɗaurin ƙarfe a cikin duhun ruwa ba. Wannan kuwa ja ɗaya ne, sai ka ga mutum a sama.”

Ƙafarta ta tsaya a kan keken.

“Kullum yakan gwada igiyar kafin ya shiga?”

“Ya gwada a gabanki ai. Dalma kuwa ta saman aljihun ake zuba ta. Me ya faru?”

Ta gaya masa. Matiyu ya miƙe ya bar wandon a nan.

Babu wayar da za a buga bakin kogi. Ta damƙa 'yarta Edna a hannun maƙwabciya, ta ɗauki reza don farke ɗinkin ta ƙulle a bakin zane, suka nufi tasha. Motar Dadin Kowa, inda ake aikin, ba ta cika ba, direba ya ce ba zai tashi da kujera huɗu a wofi ba. Dokas, wadda ba ta taɓa roƙon kowa ba a garin nan, ta durƙusa masa a gaban jama'a. Ya tashi motar yana mita. A hanya suka tsaya ɗaukar buhunan auduga, suka tsaya zuba ruwa a inji, suka tsaya garken shanu ya tsallaka. Duk tsayawa sai ta ji kamar ta sauka ta tafi a ƙasa. Addu'a ma ta ƙi haɗuwa a bakinta, abu ɗaya take maimaitawa, Ubangiji ya sa yau bai shiga ba.

Rana ta take tsaka suka isa. Tun daga nesa ta ga babu injin da ke aiki, leburori sun yi cirko-cirko a bakin ruwa, huluna a hannu. Ta daina sauri.

An kwantar da shi a kan yashi da rigar a jikinsa. Shugaban ma'aikata, wani mai suna Alfred, shi ya yi musu bayani cikin sanyin murya. Wani ƙarfe ne a ƙasa ya yage jakar iskar, ya tsinke bututun numfashi. Wurin ba shi da zurfi sosai, da ya yar da dalmar da ya taso. Sai da mutum biyu suka shiga suka ɗago shi.

“Rigar ce ba ta da kyau,” in ji Alfred. “Ya ja, ta ƙi. Shi ya zaɓe ta da kansa, ba wanda ya sa shi.”

Dokas ta durƙusa. Jar igiyar tana naɗe a yatsunsa uku, ta nutse cikin fata don tsananin ja. Matiyu ya durƙusa a ɗaya gefen, ya ɗora tafin hannunsa a kan gindin aljihun ya rufe ɗinkin, ya ce da ƙarfi don kowa ya ji, “Haka ne. Irin rigunan nan sukan cije.”

“Rigar lafiyarta ƙalau,” in ji Dokas. “Daidai ya zaɓa. Ni na ɗinke ta.”

Ba wanda ya matso ya duba. Wasu mata masu sayar da abinci suka zo suka kama kafaɗunta suna cewa ta yi shiru, zafin mutuwa ne, kowace mace haka take ɗora wa kanta. Ta sake faɗa, a hankali, da Hausa, sannan da yarensu. Alfred ya girgiza kai don tausayi, ya ce a kai ta inuwa a ba ta ruwa ta sha.