Mutanen Baba Ofareta

A hawa na uku na benen numfashin Baba Ofareta ya gaza. Ya zauna a kan matakala, ya cire hula yana fifita da ita. Injiniya ya tsaya a kansa rungume da fayil ɗin takardunsa.

"Baba, mu koma gida. Ba dole ba ne."

"Saura hawa biyu. Wanda ya ci uku ai ba ya tsoron biyu."

Injiniya dai ba injiniya ba ne, mai zanen gine-gine ne, 'yan gidan hayarsu ne suka ƙara masa girma. Wata goma sha huɗu ke nan da rufe kamfaninsu. Ya tura takardun neman aiki ta intanet har ya gaji, ko "mun gani" babu wanda ya ce masa. Matarsa ta daina tambaya. In ya shigo sai ta dubi fuskarsa kawai ta ci gaba da ɗinkinta.

Ɗakin Baba yana kallon nasu. Shekara talatin da ɗaya ya yi a wata ma'aikata yana haɗa waya, tun zamanin da sai an bi ta hannunsa kafin wannan ofis ya ji muryar wancan. Wata safiya ya tarar da Injiniya a bakin famfo yana danne-dannen waya, ya ce masa takarda ba ta da ƙafa, sai mutum ya ɗauke ta ya kai wa mutum. Daga ranar ya ɗora wa kansa aikin. Kullum da hantsi sai ya sa tabarau, ya buɗe tsohon littafin lambobinsa, ya yi ta kira. Wannan ya rasu. Wancan kunne ya tafi. Wata lambar ma ta koma hannun mai facin taya. Cikin mutum ashirin da wani abu, uku ne suka gane shi, ɗaya ya ce su zo: wani manajan kamfanin gini da Baba ya sani tun yana ƙaramin ma'aikaci.

A hawa na biyar sakatariya ta nuna musu benci. Awa biyu suka yi a kai. Baba ya yi ta karanta masa a hankali cewa kada ya roƙi aiki, don mai roƙon aiki haƙuri ake ba shi. Shawara zai nema, kuma kada ya bar wurin sai da sunan wani a hannunsa.

Manajan ya fito da makullin mota a hannu, zai wuce su.

"A'a, Baba, kana nan?"

"Ina nan, ranka ya daɗe. Ya uwargida? Har yau lambar gidan iyayenta tana kaina, don ni na sha wahalar zancen nan."

Manajan ya yi dariya har ya mayar da makullin aljihu. Gurbi dai babu, a cewarsa, su ma rage mutane suke yi. Injiniya ya tambaya wa ke gini a garin yanzu da zai buƙaci mai zane. Mutumin ya ɗan yi tunani, ya rubuta masa lambar wata 'yar kwangila da ke gina makaranta.

Saukowa ta fi hawa daɗewa. Washegari Baba bai fito da littafinsa ba. Ƙafafunsa sun kumbura, ba ya iya kwanciya sai an tara masa filo a baya. 'Yarsa ta zo daga garin da take aure, da ta ji labarin benen sai ta riƙa amsa gaisuwar Injiniya da rabin baki. Ashe tun bara likita ya hana Baba ko ɗaukar bokiti. Injiniya ya rantse mata bai sani ba.

"To, yanzu ka sani," ta ce.

Kwana huɗu lambar tana aljihun rigarsa bai kira ba. Gani yake kamar da ran tsohon aka saye ta. A rana ta biyar Baba ya aika a kira shi. Ɗakin yana warin man zafi, an rufe taga da zane. Ya tambaye shi me matar ta ce, Injiniya ya ce bai kira ba.

"Ba ni wayar."

Baba ya buga lambar, da aka ɗauka sai muryarsa ta miƙe tas, kamar ba mai haki ba. Ya gaishe ta, ya faɗi wanda ya turo su, ya ce yana da ɗa mai hannu a zane. Sannan ya ce, "Ranki ya daɗe, ga mai magana," ya miƙa masa. Ta ce ya zo Laraba ƙarfe goma.

Ranar Laraba ya leƙa kafin ya fita. Baba yana barci a jingine, baki a buɗe. 'Yar ta yi masa alama da hannu ya tafi.

A wurin ginin, 'yar kwangilar ta shimfiɗa masa zane a kan bulo, ta ce ya gaya mata abin da ya gani. Ya nuna mata ginshiƙin da zai tsaya a tsakiyar ƙofar aji. Ta ce za ta gwada shi mako biyu, ya fara Litinin. Har ya juya ta tambaye shi ko tsohon nan mahaifinsa ne. Ya ce maƙwabci ne. Ta ce ta daɗe ba ta ji mai iya gaisuwa a waya kamarsa ba.

Da ya dawo, tun daga kan kwana ya hango an fito da benci ƙofar gida. Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa, idonta ya yi ja. Wajen sha ɗaya Baba ya cika, ta ce masa.

Mutumin da ma'aikata guda ta bi ta hannunsa, benci biyu ba su cika ba. Manajan ya aiko da saƙo ta waya. Da yamma, bayan an dawo daga maƙabarta, 'yar ta same shi a bakin famfo yana wanke ƙafa.

"Sau biyu ya tambaya ko ka dawo. Me suka ce?"

Ya gaya mata. Ta ce Allah ya sa albarka, ta koma ciki.

Ranar Litinin ya fito da sassafe cikin rigar da matarsa ta goge masa. An riga an fara kwashe ɗakin. An jingina katifar Baba a bango ta sha iska, tsakiyarta a loɓe daidai tsawon mutum, kyanwar gidan tana kwance a inuwarta.