Mutumin da Ba Ya Sunkuyawa

Dolkar ta sake jan saman ƙofar ƙasa da linzamin kwamfuta, manhajar zanen ta sake shafa mata ja. Wani ɗan rubutu ya ɓullo a gefen allo, cikin ladabi irin na ma'aikacin banki, yana sanar da ita cewa ƙofar nan ba ta kai tsawon da doka ta yarda ba, ko tana so a gyara mata?

"Ba na so," in ji ta.

"Kin fara mayar mata da magana ke nan," in ji Sujal, ɗan ajinsu, yana manna bishiyoyin soso a jikin kwali. "Daga nan sai a sa ranar biki."

Yau da yamma 'yan ajin ƙarshe na sashen zanen gine-gine za su kare aikinsu gaban kwamiti. Yawancinsu sun zana otal-otal da manyan kantuna waɗanda ba wanda zai taɓa ginawa a Kathmandu. Na Dolkar kuwa gida ne na gaske, wanda mahaifiyarta za ta gina a ƙauyensu na Mustang, a filin tsohon da girgizar ƙasa ta tsaga. Sharaɗi ɗaya Ama, mahaifiyar tata, ta gindaya: ƙofar ta zama gajeriya, sai an sunkuya a shiga. A ƙauyen ba mai tambayar dalili. Gawar da ba a yi wa karatu a kan lokaci ba takan miƙe ta nufo gida, kuma a sandare take tafiya, ba ta iya lanƙwasa baya. Gajeriyar ƙofa ita ce makullin.

Dolkar ta yi jami'a, saboda haka ba ta yarda da wannan zance ba, sai fa in ita kaɗai ce a ɗaki.

Mahaifinta daga saman gini ya faɗo, a wata ƙasar Larabawa. Gawarsa ta yi makonni a firji kafin masu sa hannu su gama sa hannu. Ranar da akwatin ya sauka a filin jirgi, kwanakin da lama, malamin addininsu, ke karanta wa mamaci hanyarsa sun riga sun wuce. Washegari Ama ta kira kafinta ya buga katako a saman ƙofar ɗakinsu na haya a unguwar Boudha, don ta gajarta. Baƙi suna buge goshi, tana ba su haƙuri, ba ta cire ba.

Manhajar tana da wani mutum mai launin toka da ake sakawa ya zagaya cikin gini, don a ga yadda wurin zai kasance ga ɗan Adam. Zaɓi uku ta bayar: mai kwat, mace mai jaka, da lebura mai hular kwano. Dolkar ta ɗauki leburan. Da aka tambaye ta tsawonsa, ta rubuta na mahaifinta ba tare da ta yi tunani ba. Sai da ta danna masa tafiya ta ga abin da ta yi. Ya taho a miƙe, hannuwa a gefe, ya iso ƙofar, kansa ya ratsa katakon sama kamar hayaƙi, ya wuce har gaban murhu ya tsaya.

Kamfanin da ya yi manhajar yana da shafin da ɗalibai ke kai koke. Wani yana so a ƙara itatuwan dabino. Wata ta rasa inda aka ɓoye maɓallin komawa baya. Wani bawan Allah yana neman a sa inuwa ta fi haka kyau. Tun lokacin sanyi Dolkar ta rubuta nata: don Allah a sa mutumin ya riƙa sunkuyawa a gajeriyar ƙofa. Amsar ta iso yau da safe. Sun gode da wannan shawara mai ban sha'awa, amma mutumin nasu ba shi da gaɓa a ƙugu. Suna ganin a ɗaga ƙofar.

"Gurung, har yanzu ramin ɓeran nan yana nan?"

Malam Tuladhar ne, mai duba aikinta, da kofin shayi a hannu. Da sunan danginta yake kiranta.

"Yana nan, Malam."

"Gidan kakata a Patan ma haka yake, ga shaida." Ya nuna wani tsohon tabo a goshinsa. "Amma kwamiti ba kakata ba ne. Suka ga jan nan, sai ki maimaita shekara. Ki ɗaga ƙofar yau ki wuce, gobe ki ce wa magini ya yi abin da kuke so. Duk garin nan haka aka gina shi."

Shawara ce mai kyau, kamar yawancin shawarwarin da ba su da kunya. Dolkar ta riga ta kama saman ƙofar za ta ja sama sa'ad da ta ji ƙamshin man shanu a bayanta.

Ama ce, da fulas ɗin shayin man shanu da ƙullin abinci, ta sha kwalliyar zuwa gidan ibada. Ba wanda ya gayyace ta. Ta ji ana cewa yau za a nuna gidan.

"Sannu da zuwa, Ama," in ji Sujal, ya ba ta kujerarsa. "'Yarki ta kusa kashe mu da ƙofar nan. Dolkar, nuna mata mana."

Kafin Dolkar ta hana shi, ya miƙa hannu ya danna. Mutumin tokar ya taso daga bakin hanya. Ama ta san dutsen da ke bayan gidan, ta san tagogin, ta yi murmushi. Sai ta lura da hular kwanon, da faɗin kafaɗun. Ya iso ƙofa bai rage tafiya ba. Ya ratsa, ya je gaban murhu, daidai inda maigida ke zama, ya tsaya yana kallon bango.

Ama ta ajiye fulas ɗin a hankali.

"Ya shiga," in ji ta.

"Ama, hoto ne kawai. Ba ya ganin katakon."

"Na sani ba ya gani. Ai shi ya sa." Ba ta ɗauke ido daga allon ba. "Ke kika ce mini abin da ke cikin nan shi magini zai bi. Ni ba zan kwana a gidan nan ba, Dolkar. Ki ba wani."

Sujal ya daina murmushi. Ya sosa ƙeya, ya matso da kujera.

"Akwai wani abu," in ji shi ƙasa-ƙasa. "Sunkuyawa dai ba zai yi ba. Amma can cikin saituna akwai inda ake hana shi ratsa abu mai ƙarfi. Ba mai kunnawa, don yana ɓata nuni."

Ya nuna mata wurin. Dolkar ta kunna, ta mayar da mutumin bakin hanya, ta sake shi.

Ya taho kamar ɗazu. Hular ta taɓa katakon, ya tsaya. Ƙafafunsa dai ba su tsaya ba. Suna ta takawa a wuri ɗaya, hagu, dama, goshinsa a jikin katako, murhu na can ciki inda ba zai kai ba.

"Yauwa," in ji Ama, ta sauke numfashi. "Haka ya kamata."

Dolkar ta zuba wa allon ido. Ta tuna yadda mahaifinta yakan dawo hutu da akwati a ka, ya sunkuya a tsohuwar ƙofa yana kiran sunanta tun kafin ya miƙe.

Da yamma Ama ta zauna a layin baya, fulas a cinya, ba ta da niyyar zuwa ko'ina. Aka haska gidan a babban bango, ƙofar tana nan da janta. Mutumin ya taho, ya tsaya, ya ci gaba da takawa. Wasu ɗalibai suka yi dariya. Malam Tuladhar ya rufe ido kamar mai ciwon haƙori.

Shugaban kwamitin, wani dattijo da ya yi karatu a waje kuma ba ya bari a manta, ya cire tabarau.

"Malama Gurung, mutumin naki ya kasa shiga gidan."

"E, Malam."

"Kuskuren manhaja ne, ko za ki gyara kafin mu rubuta?"

Dolkar ta dubi bangon. Hagu, dama, hagu.

"Ba kuskure ba ne, Malam. Haka aka tsara."

Dattijon ya yi rubutu, gajere. Aka kira na gaba, wanda ya zana otal mai wurin wanka a kan rufi.

Da ta koma teburinta, kwamfutar tana kunne, mutumin yana nan yana takawa. Ama ta riga ta zuwa. Ta tsiyaya shayi a murfin fulas ta ajiye a gaban allon, ta gefen da yake tsaye, a waje.

"Kada ki kashe tukuna," in ji ta. "Bari ya sha. Daga nesa ya taho."