Wayoyin Gidan Ɗelu

Kaf unguwar da ke bayan kasuwar Madarunfa, gidan Ɗelu kaɗai ke da kwantar, ɗan akwatin nan da kamfanin kuran ke kafawa a bango yana ƙirga wutar da aka sha. Mijinta Mansur, direban hanyar Maradi zuwa Katsina, shi ya sa aka kafa shi tun lokacin da mota ke kawo kuɗi. Yanzu motar sai addu'a, Mansur ma sai a yi wata ba a gan shi ba, kwantar ya koma hannun Ɗelu da duk ciwon kansa.

Daga jikinsa wayoyi suka haura katanga, ɗaya gidan Indo, ɗaya gidan Sa'adatu, sauran suka bi gidajen da ke jere. Haka ake yi, ba wanda ya ga laifi. Talaka ina ya ga kuɗin kafa nasa? In faktir, takardar kuɗin wuta, ta zo ƙarshen wata, sai a ƙirga ƙwan fitilar kowane gida a raba kuɗin, Ɗelu ta bi ta karɓa ta kai biro, wato ofishin kamfanin. Shekara da shekaru ba a taɓa jin kanta da kowa a kan dala ɗaya ba, kuma da wannan take taƙama, tunda ba ta da zinariya ba ta da shanu. Balle a wurin Indo. Shekara ɗaya aka kawo su unguwar suna amare, tare suka yi goyo, Indo ce ta dafa mata ruwan wankan jego har na autarta. Da a ce Indo ta zarge ta, gara a ce gari duka ya zarge ta.

Ranar da rediyo ta ce gwamnati ta rage wa talakawa kuɗin kuran, Ɗelu na tsakar gida tana ɓarar gujiya. Ba ta tsaya jin ƙarshen sanarwar ba. Ina! Ta leƙa ta katanga ta rangaɗa guɗa, ta yi wa Indo albishir an tuna da su. Kafin la'asar ta zagaye gidajen duka, da bakinta ta yi alkawarin wata mai zuwa kowa rabin abin da ya saba zai bayar. Wa ya aike ta? Ba kowa, murna ce ta ɗebe ta.

To, mutanenmu kun san su da jin abu ya yi araha. Sa'adatu ta aika garin Ɗan Issa aka sayo mata tsohon firigo mai gurnani, wai za ta fara sayar da ƙanƙara. Mijin Indo ya jona fanka. Wani ya ƙara ƙwai a zaure. Ita kanta Ɗelu ta daina kashe na tsakar gida da rana.

Da Salisu mai rabon faktir ya zo, ya karanta mata kamar yadda ya saba, don ba ta yi karatun lekol ba. Ta sa ya maimaita. Kuɗin ya fi na kowane wata da aka taɓa yi. Ta bar tukunya a wuta ta yafa mayafi ta nufi biro.

Ma'aikacin da ta tarar, irin waɗanda ake kira Mushe don girmamawa, ba shi da laifi, a gaskiya, har kujera ya ba ta. Ya duba lambarta ya ce, “Inna, ragin na mai shan kaɗan ne, gida mai ƴan ƙwai da rediyo. Naki kwantar, duk wanda ya duba sai ya ce gidan babban alhaji ne.”

“Mushe, ai gidaje ne da yawa a kai, kuma dukanmu talakawa ne.”

“Na gane. Amma mu gida ɗaya muke gani.”

Sai ya sassauta murya ya ce jan waya zuwa maƙwabta ma ba a yarda da shi ba, kada ta ƙara faɗa a nan, shi dai bai ji ba. Magani shi ne kowa ya kafa nasa. Ta tambayi kuɗin kafawa, ya faɗa. Ɗelu ta yi dariyar da ba ta daɗi ba, ta yi masa godiya ta fita.

Yanzu ta yaya za ka gaya wa mutane cewa don sun haɗa talaucinsu wuri ɗaya aka lissafa su mai kuɗi? Ta tara su ta faɗa, ita kanta tana jin maganar a kunnenta kamar ƙarya. Ta ce ba rabi za su bayar ba, ƙari ma za su yi. Sa'adatu ta taɓe baki. Indo ta ce ƙanenta da ke Maradi ya kira ta a talho, shi nasa ya ragu sosai.

“Ɗelu, ni ban ji rediyo ba. A bakinki na ji rabi.”

Ɗelu ta rantse, ta ce a zo a je biro a tambaya. Amma wa zai je ya kai ƙarar kansa cewa ya ja waya? Ita ma ba ta isa ta kawo Mushe unguwar ya ga katangarta ba. Ta kira Mansur, ya ce ta yi haƙuri, yana bakin iyaka ana sauke masa kaya, in ya dawo a yi magana. Bai dawo ba.

Sun biya, amma irin biyan da ake miƙo maka ba a kallon fuskarka. Wata na biyu ma haka. Sai zance ya fara yawo a bakin famfo cewa ragin yana shigowa Ɗelu tana dannewa, har zanen da ƴarta ta aiko mata aka sa a lissafi. Sa'adatu ce ta fara cire wayarta, firigon ya koma wurin ajiye kwanuka. Sauran suka bi, kowa ya koma ga fitilar batir. Indo ce ta ƙarshe, kuma ba ta zo da kanta ba, mijinta ne ya taka turmi ya kwance wayar ya naɗe. Ɗelu ta shiga ɗaki ta yi kuka sosai.

Duk da haka Indo ba ta daina gaisuwa ta katanga ba, ko da a gajarce ne, kuma da wannan Ɗelu ta riƙe zuciyarta. Wata rana da hantsi ma sai ga Indo ta yi sallama ta shigo aron rariya, rabonta da gidan an kwana biyu. Ɗelu ta rasa inda za ta sa ta don murna. Ta shimfiɗa tabarma, ta dama fura, har sun fara hirar tsadar hatsi suna ƴar dariya.

Sai ga Salisu a bakin zaure yana ɗaga takarda, bakinsa har kunne, bawan Allah shi a ganinsa alheri ya kawo.

“Inna Ɗelu, barka! Ragin gwamnati ya shigo miki. Wallahi ko rabin na da bai kai ba.”

Indo ta ajiye ludayin a hankali.

“Ashe dai akwai ragin.”

“Indo, don kun cire ne. Wallahi don kun cire ne ya sauka.”

“Haka ne. Don mun cire ne. Allah ya sanya albarka.”

Ta miƙe ta gyara mayafinta ta fita, ko rariyar ba ta ɗauka ba. Ɗelu ta bi ta har zaure tana kiran sunanta, ba ta waiwayo ba. Salisu yana nan tsaye da takardar a hannu, yana tambaya ko ya sake karanta mata.