Farin Raken Tasalla

Tun da gwamnati ta ce a riƙa gauraya fetur da itanol, sinadarin da ake tatsa daga rake, fadamar Kalmalo ba ta sake zama lafiya ba. Wani kamfani ya kawo nasa raken, siriri mai tauri, ko jaki sai ya yi shawara kafin ya ciza. Ƙungiyar manoma ta sa hannu: kowa ya tuge tsohon iri a ƙone, wai yana ɗauke da cuta.

Kowa ya bi, ban da Tasalla mai mazarƙwaila. Rakenta fari ne mai taushi, gadon ubanta, kuma nata kaɗai ya rage. In aka ƙone shi, irin ya ƙare ke nan.

Aka turo mata Nu'man, malamin gonar kamfanin, ɗan aminiyarta Zuwaira, wanda Tasalla ta goya a bayanta.

"Inna, ki yi haƙuri," in ji shi. "Wanda bai tuge ba kafin Juma'a, za a datse mai ruwan gona."

"Mi? Mota ta sha rake, ɗiyanmu su sha hayaƙi?"

Ranta ya ɓaci ƙwarai, amma ran Alhamis ta sa aka sare gonar ƙaf. Maza suka ce tsohuwa ta saduda. Ba su san Tasalla ba. Sandunan ta matse ta dafa, kawunan kuwa, waɗanda ake dasawa, ta ɗaure bibbiyu ta bi gida-gida tana ba mata. A wurinsu kyautar iri ba a mayar da ita, ba a jefarwa, dasawa ake yi. Kowacce ta binne nata bakin magudanar wanke-wanke, inda ƙasa ba ta bushewa, inda baƙon namiji ba ya shiga.

Bayan wata biyu Nu'man ya zo, fuska ba walwala.

"Inna, na ga farin rake tsakar gidanmu."

"Ka gani daidai. Fadama kun ka sa ma hannu, ba ɗakunanmu ba. Gida arba'in shina nan."

"Aikina fa, Inna?"

"Yi aikinka, ɗana. Fara da na uwarka. Tahi ka ce mata ta tuge."

Ya sunkuyar da kai. Ta ɓallo masa mazarƙwaila, ya karɓa da hannu biyu.