Ruwan da Baba Ya Miƙar

Ƙarfe tara mai duba aikina za ta zauna a bayan aji, ta ga yadda nake koyar da haɗuwar atam da atam ta hanyar tarayya a ilektron. In na faɗi, sai na maimaita shekarar koyon malanta. Takwas saura kwata ina tsaye a shagon waldar Baba, ina kallon samfurin ƙwayar ruwa da na roƙe shi ya ƙera mini.

Aikin ya yi kyau, wannan ba musu. Babban ƙwallon ƙarfe a tsakiya shi ne oksijin, ƙanana biyu haidirojin, kowane rodi da ya haɗa su yana ɗauke da noti biyu, wato ilektron ɗin da suke tarayya a kansu. Amma abin a miƙe yake sambal kamar sandar labule.

"Baba, a zanena ai a lanƙwashe yake!"

"Na gani. Hannunki ne ya karkace, na gyara miki. Akwai ma wasu noti huɗu da kika zana a saman babban, ba abin da suka riƙe, ban sa su ba."

Na duba agogo, na zaga teburi, na sake dubawa. Mutumin da ke kwance ƙofa sau uku don ta kauce da faɗin farce, ta ina zan fara ce masa ya ɓata aiki?

"Baba, waɗannan huɗun na oksijin ne shi kaɗai, ba ya tarayya da kowa a kansu. Su ke tura hannayen biyu ƙasa. In ya miƙe, ba ruwa ba ne."

"Wato haka aka halicce shi, a karkace?"

"Haka."

Ya harari bokitin da yake tsoma ƙarfe mai zafi kamar ruwan da ke ciki ya ci amanarsa. Sai ya kunna wuta.

"Kusurwa nawa?"

"Digiri ɗari da huɗu da rabi."

"Har da rabi?"

Ya gasa rodin, ya buga, ya auna, ya sake bugawa, ni kuwa ƙafata ta ƙi tsayuwa wuri ɗaya. Ya liƙa noti huɗun, ya tsoma samfurin a bokiti, ya naɗe a tsumma. Tara saura ashirin.

"Maza ki wuce. In mai duba aikin naki ta tambayi wanda ya yi wannan karkataccen abu..."

Na ɗauka zai ce in ɓoye sunansa.

"Ki ce ta auna."