Ranar da Motar Kaz Ta Taka Gishiri

"Odell, ɗauko wayar jona batir ka zo," in ji Bernadine, matar maƙwabcina Kaz, tana tsaye a bakin ƙofata. "Yau za mu fito da motarsa, Buick ɗin nan."

Na dube ta, na dubi titi. Tsakiyar Fabrairu ne, tun da safe motocin hukuma suka watsa gishiri don ƙanƙara ta narke. A nan garin Flint na Amurka ko mahaukaci ba ya fito da tsohuwar mota a irin wannan rana, domin gishiri cinye ƙarfe yake ta ƙasa. Balle wannan, ƙirar 1965, da Kaz ya saya sabuwa fil lokacin yana aiki a masana'antar da ta ƙera ta. Duk tsadarta a wurin masu tara tsofaffin motoci, saboda ba ta taɓa taka gishiri ba ne.

Asibiti sun sallamo Kaz ya ƙarasa kwanakinsa a gida. Ya riga ya shirya da wani mai sayen motar daga jihar Arizona, kuma da kuɗin motar ne Bernadine za ta ci gaba da riƙe gidan bayan ransa.

Muka same shi a falo, an lulluɓe shi da bargo, ya rame ƙwarai, amma bakin nan yana nan.

"Odell, kada ka biye mata. Matar nan ta zare."

"Jiya wa na ji yana cewa ba zai sake jin kukan injinta ba?" ta ce.

"To a tayar da ita a gareji mana! Bernie, rufin kanki ne fa za ki zuba wa gishiri."

"Rufin kaina ne, ba naka ba. Tun muna da baƙin gashi kake shafa motar nan kana jiran rani, lokacin da babu ƙanƙara. Bana ranin ba zai same ka ba, tsoho. Tashi."

Ban taɓa jin an faɗi magana mai zafi da irin wannan ƙauna ba. Can Kaz ya miƙo mini hannu.

Na ɗauke shi kamar yaro, na sa shi a kujerar gaba. Bernadine ta kama sitiyari, ni ina baya. Da muka hau titi, gishiri ya fara ƙaras-ƙaras a ƙarƙashinmu, Kaz ya runtse ido kamar ana cire masa haƙori.

"Kauce wa ruwan can! Wayyo, ta shiga!"

"Na shiga," ta ce, ko a jikinta.

Muka wuce filin da masana'antar take a da, yanzu fayau, sai ƙanƙara. Ya daɗe yana kallo. Sai ya sauke gilashi, sanyi ya buge mu.

"Tunda kin riga kin kashe ni," ya ce, "taka ta sosai, mu ji muryarta."

Ta taka. Injin ya yi ruri, tsohon nan ya dinga dariya har tari ya sarƙe shi. Ni kuwa a baya hawaye nake, ban ma ɓoye ba.

Bai kai ƙarshen watan ba.

Da rani mai sayen ya zo. Na ja Bernadine gefe na ce na wanke ƙasan motar tas, ba lallai ya gane ba. Ta harare ni, ta je ta gaya masa komai da bakinta. Mutumin ya leƙa ƙasa da tocila, ya rage kuɗin sosai. Abin da ya saura ba zai riƙe gida ba, ta sani, ta kuma sa hannu ba tare da ciniki ba.

Da kaka ta koma ɗaki ɗaya wajen ƙanwarta. Ranar da za ta tashi na tarar da ita a garejin, ba komai a ciki, tana share ƙasa a hankali, tana zagaye wurin da tayoyi huɗu suka bar shaida a siminti.